Adda Tana Duba Mini Aiki

Ba na kiran sunan 'yata ta fari. Haka na tashi na ga uwata tana yi da yayanmu, ita ma haka ta ga tata uwar tana yi tun kafin kakanninmu su baro ƙasar Kano da fatauci su zauna a Jimeta. Da ƙannenta suka buɗe baki sai suka riƙa ce mata Adda, yadda ake ce wa yaya mace a garin nan, ni ma na samu sauƙi na bi bakinsu.

Kunyar ɗan fari ba a suna kaɗai ta tsaya ba. Ba kya yabonta, ba kya zama kusa da ita a gaban mutane, in ta faɗi ta fasa gwiwa wata ce za ta ɗaga ta ke kina kallon gefe. Ba rashin so ba ne, tarbiyya ce. Shi ya sa ranar da za a sa ta a firamaren gwamnati ta unguwarmu a Limawa babanta ne ya kai ta, ni kuwa har ta kai aji biyar ban taɓa taka ƙofar makarantar ba.

Malam, wato babanta, sana'arsa ganye. Kullum bayan asuba yana tafiya bakin tafkin Njuwa ya saro alayyahu da yakuwa a hannun masu lambu, ya kawo gida mu ƙulla, ya kai kasuwa. Abin da ake samu na bakin salati ne da sabulu. Makarantar kuɗi kuwa sai dai mu ga motarsu mai launin rawaya tana kwasar 'ya'yan ma'aikata da safe. Ban taɓa jin haushin motar ba, domin ina ganin tawa 'yar ma tana samun rabonta.

Abin da ya sa nake ganin haka littattafanta ne. Adda tana da rubutu mai kyau, a jere, kamar an dasa albasa a kwami. Kowane littafi a cike yake har bangon baya, ga jan biron malama a ƙasan kowane shafi. In ta tafi ɗibar ruwa sai in shiga ɗaki in buɗe jakarta in yi ta shafa su ina jin daɗi ni kaɗai, in na ji motsinta in mayar. A lokacin ban iya karanta ko kalma ɗaya ba. Cikar littafi ita ce karatu a wurina, kuma haka take a wurin duk matan layinmu.

Shekarar da mutane suka gudo daga Mubi, ƙanwar Malam ta iso mana da 'ya'yanta uku, ƙafafunsu a kumbure, ba su da komai sai kayan jikinsu. Yara suna ce mata Goggo, ni ma haka, ita kuma tana ce mini Matar Hamma, wato matar yayanta. Mace ce mai baki, ko a cikin wannan hali ba ta bar tsokana ba. Watanni kaɗan kafin zuwansu na shiga ajin yaƙi da jahilci da wata tsohuwar malama mai ritaya ta buɗe wa matan aure a zaurenta, muna zuwa bayan la'asar. Na fara gane baƙaƙe ke nan, ina haɗa biyu-biyu da ƙyar.

Wata rana Goggo ta dawo da wani kati da masu raba kayan agaji suka ba ta. An yi mata bayani a wurin, amma hayaniya ta hana ta ji. Ta zauna a tabarma ta ce, "Ina 'yar bokon gidan nan? Zo ki gaya mini yaushe suka ce in koma."

Adda ta karɓa ta daɗe tana kallo. Ta juya bayansa, ta sake juyowa. Can ta ce, "Laraba, Goggo."

Ranar Laraba Goggo ta ɗauki buhunta tun da sanyin safiya ta tafi. Kafin azahar sai ga ta da buhun a naɗe a hammata. An yi rabon tun Litinin, kuma wani a wurin ya nuna mata cewa Litinin ɗin ce rubuce a katin. Ta wurgar da buhun ta ce, "Matar Hamma, ku da kuke da aji biyar a gida, da na kai wa akuya katin nan da ta fi amfana da shi, ko cinyewa ta yi." Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Adda ta shige bayan ɗaki. Ni kuwa na ce a raina ƙila rubutun ne ya cakuɗe, irin na likitoci.

Abin dai bai bar ni ba. Ba zan iya kiranta in tambaye ta ba, don haka washegari na ce wa ƙanwarta, "Je ki ce wa Addarki ta karanta miki littafinta ki ji." Na zauna nesa kaɗan ina ƙulla alayyahu kamar ba ruwana.

Ta buɗe ta fara, da murya mai daɗi, tana ja kamar waƙa, yatsanta yana bin layi. Sai na lura da wani abu. A ajinmu malama ta koya mana cewa kowace kalma yatsa yana tsayawa a kanta har baki ya gama faɗinta. Yatsan Adda ba ya tsayawa. Gudu yake yi, ya kai ƙarshen shafi ya tsaya, bakinta kuwa yana ta tafiya. Da ƙanwar ta sa hannu ta buɗe wani shafi don neman hoto, Adda ba ta ma san an canza ba, ta ci gaba da abin da take rerawa. Hadda ce. Abin da ajin yake amsawa a bayan malama ta riƙe a ka.

Ƙullin da ke hannuna ya warware, ganyen ya zube a faranti. Na tattara na sake ƙullawa.

Ranar Litinin na sa hijabi na tafi makarantar. An ba 'yan gudun hijira ajujuwan baya, ga shanyarsu a kan taga, ga murhu a bakin baranda. Wata yarinya ta nuna mini aji biyar. Na tsaya daga waje ina leƙe. Siminti ya farfashe ya koma ƙasa. A gaba akwai bencina kaɗan, daga baya na ji cewa iyayen da ke da hali ne suke sa kafinta ya yi wa 'ya'yansu, har da rubuta suna a jiki. Daga nan zuwa bango yara ne a ƙasa, wasu a kan buhu, wasu a kan takalmansu, gwiwa na gogar gwiwa. Na fara ƙirga kawuna na rikice na bari. Babu malama a ciki. Allo dai a cike yake da rubutu, kowa ya duƙa yana kwafa. Can na hango Adda a kusurwar baya, ba ma allon take kallo ba, littafin ta kusa da ita take kwafa, ita ma waccan tana kwafar na gabanta.

Malamar tana aji na kusa tana cika musu nasu allon, domin aji biyu take riƙe da su. Ta fito hannunta fari fat da alli. Mutuniyar wajen Numan ce, Hausarta irin ta gari. Na gaishe ta na kwatanta mata yarinyar.

Ta ce, "Ke ne mamanshi? Ban taɓa ganinki ba."

Na ce, "'Yar fari ce."

Ta yi dariya ta ce, "Ku da kunyanku! To yarinyanki yana da kirki, ba ya damun kowa. Rubutunshi ma ya fi nawa."

Na ce a hankali, "Malama, ba ta iya karantawa ba."

Ba ta yi musu ba, ba ta kuma ji haushi ba. Ta kalli ajin ta kalle ni. Ta ce, "Mama, zan gaya miki gaskiya. Wanda yake gaba ina jin bakinshi. Wanda yake baya, littafi kawai nake gani. In ya cika in sa jan biro. In na ce zan zauna da kowa ɗaya-ɗaya, wata zai ƙare ban zagayo ba."

Na ce ko zuwan baƙin nan ne ya jawo. Ta ce a'a, sun dai ƙara, amma tun kafin su zo haka abin yake. Na ce to ko za a bar ta ta maimaita aji. Ta ce, "In ajiye shi ina? Na baya suna zuwa. Kowa zai wuce." Sai ta rage murya ta ce nata 'ya'yan ma ba a nan suke ba, ta matse cikinta ta kai su ta kuɗi, in ina da hali in yi haka, ko in nemi mai lesin. Na yi mata godiya. Har yau in na tuna matar nan ba na jin zafinta. Ƙaramar 'yata tana makarantar yanzu, an yi fenti, an sa kwano sabo, amma bencin gaba har gobe na masu hali ne.

Da yamma bayan Malam ya ci abinci na gaya masa. Ya ɗauki tsinke yana sakace. Shi karatun allo ya yi, bai san boko ba, shi ma littattafan ne suka rufe masa ido. Ya ce, "Shekara biyar. Da a wajen Dada take da yanzu ta iya ɗinkin hula." Dada mahaifiyarsa ce, tana Adarawo a cikin Yola, ta tsufa, ta daɗe tana roƙon a ba ta Adda ta zauna da ita. Ya ce, "Bari ta gama aji shidan, kada a ce mun cire ta a tsakiya. In ta gama sai ta koma can. Ba zan ci gaba da yanka mata yunifom don ta je ta yi zane ba."

Na kwashe kwanukan. Gaskiyarsa ce ta wani gefen. Amma na san in ta tafi Adarawo ita da makaranta sai a mafarki, kuma za ta zama ni, mai kai wa yara kati su karanta mata.

Mai lesin ba mu da halinsa. Abin da nake da shi kawai ɗan littafina na yaƙi da jahilci, wanda ban wuce shafi na tara ba. Kuma ga matsala biyu. Ni ba zan iya zaunar da 'yar fari in ce zo in koya miki ba. Ita ma, da duk gida ke ce wa 'yar boko, in na nuna na gane, kunya za ta hana ta buɗe baki har abada.

Na kwana biyu ina juya abin. Rana ta uku bayan azahar, ta dawo ta ci abinci, na ɗauko littafina na yi magana ina kallon bango. Na ce, "Malamarmu ta ba mu aiki, ni kuma kaina ya tsufa. Da za a samu mai duba mini kafin la'asar."

Ta zo ta tsuguna nesa da ni. Na ce ba a duba aiki daga can. Ta matso. Rabon da in ji ƙanshin kanta kusa haka tun tana goye.

Na sa yatsa na ce, "Wannan baƙin da wannan wasalin in an haɗa, ba shi ne 'ba' ba?"

Ta ce, "Shi ne."

"Wannan kuma 'bi'?"

"Eh."

Ba ta sani ba, amsawa kawai take yi. Amma ina kallon idonta ta gefe, yana bin yatsana kamar kaza ta ga tsaba. Na karanta shafin sau uku, na ce kaina ba ya riƙewa, a ƙara. Haka muka fara. Kullum abin da malama ta koya mana jiya, shi nake kawo wa Adda yau ta duba mini.

Goggo ta fito daga wanka ta gan mu kai a haɗe. Ta riƙe haɓa ta ce, "La ilaha! Matar Hamma, yau ina kunyar? Uwa da 'yar fari a tabarma ɗaya kamar ƙawayen amarya! Bari in je Adarawo in kai rahoto."

Na ce, "Ba 'yata ba ce yanzu, malamata ce."

Ta ce, "Wannan malamar da ta aike ni Laraba?"

Na ɗaga ido na kalle ta. Ban taɓa yi mata irin kallon ba. Ta tsaya, ta kalli littafin, ta kalli yarinyar da ta sunkuyar da kai. Sai ta ja farantin alayyahun da ke jirana ta ce, "To malama, a yi haƙuri, a koya wa tsohuwar nan da kyau, kanta kamar dutsen niƙa yake." Tun daga ranar, in azahar ta yi, ita ke ƙulla ganyen, ta kuma kore yara waje.

Abin da ya taimake mu, hannun Adda ya riga ya san kowane baƙi, shekara biyar tana zana su. Muryarsu ce ba a taɓa gaya mata ba. Da ta fara kamawa sai abin ya zo da sauri. Bayan 'yan makonni na fara yin kuskure da gangan. Sau biyu ta bar ni na wuce. A na uku ta ce, "A'a Mama, ba haka ba ne," ta gyara mini, kuma daidai ta gyara. Na ce, "Au, haka ne fa." Na tashi na shiga madafa kamar zan duba wuta, alhali ban ɗora komai ba.

Ba a daɗe ba ta kamo ni, shafin da zan kawo gobe ta riga ta leƙa shi yau. Dole na je na gaya wa malamarmu gaskiya. Tsohuwar ta cire tabarau ta ce, "Shi ya sa kike tambayata na gaba kullum, na ɗauka son karatu ne ya kama ki." Ta ce ajinta na manya ne, amma ba wanda ya hana yarinya ta rako uwarta ta riƙe mata jariri. Saboda haka Adda ta riƙa bina da goyon ƙaninta, ta zauna a bakin ƙofa. In an tashi, malama ta ba ta wani tsohon littafin Turanci na 'yan aji ɗaya, su yi shafi guda. Ta ce Turancin zai yi nauyi, amma wanda ya san baƙi yana da murya ba ya ɓata.

Sau ɗaya tak muka kusa yin maganar. Muna zaune, Goggo ta fita, sai na ga ɗigon ruwa a kan shafin. Ta ce, "Mama, kin sani, ko?"

Na ce, "Na san me? Buɗe na gaba, la'asar ta kusa."

Da hanya ta buɗe Goggo ta koma Mubi da 'ya'yanta. Muka ci gaba mu biyu har Adda ta gama aji shida. Aka yi jarrabawa, sunanta ya fito cikin masu zuwa ƙaramar sakandare. Malam ya ce, "Jarrabawar da kowa yake ci?" Ya tambaye ni yaya karatun nata. Nan kunya ta sake kama ni. Bakina ya kasa yabon 'yar fari a gaban ubanta, abin da ya fito kawai shi ne, "Tana ƙoƙari." Shi kuwa ya ɗauka irin ƙoƙarin da ake faɗa wa mara lafiya ne. Na tura ta ta karanta masa wani abu, ta je ta tsaya a gabansa, murya ta ƙi fita, ta dawo. Da Goggo tana nan da ta gama maganar da baki ɗaya.

Ya ce ranar Asabar za mu je Yola, ta haɗa kayanta.

Muka tari keke a bakin titi. Malam ya zauna gaba kusa da direba, ni da Adda da ƙanwarta a baya, ledar kayanta a kan cinyarta. Ina ta addu'a a zuci, ban ma san me nake roƙo ba.

Mun wuce shingen sojoji ke nan keken ya rage gudu saboda cunkoso. Ƙanwar ta nuna wani bango mai jan rubutu ta ce, "Adda, me aka sa a can?" Ita kuwa hankalinta yana waje, ta manta wa ke gaba, sai ta karanta da ƙarfi, tana rarrabewa, "An ha-na fit-sa-ri a nan."

Direban ya fashe da dariya har keken ya yi tangal-tangal. Ya ce, "Wallahi haka aka rubuta! Kuma dubi wancan bawan Allah a tsugune a gindinsa."

Adda ta rufe baki da hannu. Malam bai juyo ba. Muka ɗan yi gaba, sai na ga ya ɗaga hannu ya nuna wani allo a gaban shago. Bai kira ta ba, ya ce dai, "Wancan fa?"

Ta ce, "Ana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi."

Ya kalli direba. Direba ya ce, "Daidai."

"Wancan mai shuɗi?"

Wannan na Turanci ne. Ta fara ta tsaya, keken yana wucewa, ta juya kai tana binsa da ido har ta haɗa shi ta faɗa. Direban ya ce, "Ta faɗa daidai, Alhaji, wajen gyaran firji ne. 'Yarka ce? A wace makarantar kuɗin take?"

Malam ya ce, "Ta gwamnati."

Direba ya ce, "Kai! To ta yi sa'ar malami."

Daga nan har cikin Yola bai bar allo ɗaya ya wuce ba. Na masu ɗinki, na masu maganin gargajiya, har rubutun bayan wata tifa. Biyu sun gagare ta, ta ce ba ta sani ba, sai ya nuna na gaba. Ni ina kallon ɗaya gefen titin, na ja hijabi na rufe rabin fuskata.

Muka tarar da Dada a inuwar ɗakinta tana jan carbi. Aka gaisa da Fulatanci, aka gaisa da Hausa, aka sha ruwa. Ta kalli ledar da ke hannun Adda ta ce wa ɗanta, "To, ka kawo mini ita ke nan?"

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaisuwa muka zo, Dada. Za ta kwana biyu ta taya ki, ranar Litinin in zo in ɗauke ta. Akwai awon yunifom."

Dada ta ce, "Makarantar ba ta ƙare ba?"

Ya ce, "Da saura."

Tsohuwar ta yi ƙunƙuni ta ce boko ya cinye mata jikoki, sannan ta ce tunda ga mai ido ta zo, a ɗauko mata ledar magungunanta, an haɗa mata na safe da na dare ta kasa rabewa. Adda ta tashi ta shiga ɗakin. Ni kuma na ce bari in je in ga ko akwai wanke-wanke a bayan gida, na samu kwano biyu, na daɗe a kansu.